TARBIYYAR YARA A KAN KYAUTA: JAWABI GA 'YAN'UWA NA TALATA MAFARA, BAKURA DA MARADUN

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malaman tasawwufi sun ɗauki rowa cuta ce ta zuciya, kuma magani ya fi kama ta tun tana ƙarama. Muridin da ya kai shekara arba'in hannunsa a dunƙule yana shan wuya kafin wuridi ya buɗe shi. Shi kuwa yaro, icce ne ɗanye.

Ƙasar nan ba baƙuwar wannan tarbiyya ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin hijirar 1804. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Jajoji kan taso daga ƙauyuka da tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, ɗauke da hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata. Abin lura a nan shi ne yarinyar da ta ɗauko ƙwaryar a kanta. Ta ji nauyinta a wuya, ta ga ta tafi hannun wanda ba ta sani ba, ta koma gida da karatu.

Yau ma hanyar ke nan. Idan shinkafar Bakolori ta shigo gida, madatsar da aka kammala a 1978, kada uba ya fitar da zakka a bayan idon 'ya'yansa. Ya kira su su riƙe mudu. Ranar fidda kai ma haka: mudun Annabi huɗu ga kowane mutum, yaro ya auna nasa da hannunsa, ya kai. Waina ko gumbar sadakar Juma'a, ƙaramin gida ya kamata ya raba.

Sai dai akwai kuskuren da iyaye mata suka fi faɗawa ciki da kyakkyawar niyya, wato fizge abu daga hannun yaro a miƙa wa wani yana kuka. Wannan bai koya masa kyauta ba, ya koya masa ɓoyo ne. Gobe a bayan ɗaki zai ci ƙosansa. A ba shi biyu, a ce ɗaya na ƙanensa ne, a yi haƙuri har ya miƙa da kansa. Kuma kada a riƙa aikensa da ƙanzo da tuwon da ya yi tsami wurin almajiri, domin zai ɗauka abin zubarwa shi ne sadaka.

Tun da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka, garuruwan nan uku sun karɓi iyalai da suka baro rumbunansu. 'Ya'yansu suna zaune kusa da 'ya'yan 'yan'uwa a makarantar allo, wasu ba su da ko tawada. Kafin taron baɗi, kowane muƙaddami ya bincika su nawa ne a unguwarsa, kuma yaran zawiya su kai musu kasonsu da hannunsu.