Ƙofar da Ba Ta da Zaure

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Gaya da Ajingi)



Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya san amfanin zaure. Baƙo, ko da ɗan sarki ne, nan yake tsayawa ya yi sallama, a aiko yaro ya ga ko wane ne, sa'an nan maigida ya fito ko ya ba da uzuri. Addini ma ya ƙarfafa haka, domin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da izini ba. To, yau ga shi an huda wa kowane gida wata ƙofa wadda ba ta da zaure, wato lambar waya. A kanta za mu yi magana, da kuma rumbunan da ake tara ta a intanet.

Tara lambobi ba sabon abu ba ne. A zamanin NITEL, wadda aka kafa a 1985, akan buga littafi mai kauri ɗauke da sunan mai tarho da adireshinsa da lambarsa. Amma su wa ke ciki? Ofisoshin gwamnati da kamfanoni da attajirai, domin layukan ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan salula a 2001. Kuma wanda ke ciki ya san yana ciki, shi ya cika takarda ya nemi layi.

Na yau daban ne. Da yawanmu muna da manhajar da ke nuna sunan mai kira tun ba a ɗauka ba, kuma wadda aka fi sani ita ce Truecaller, da aka ƙirƙira a ƙasar Suwidin a 2009. Ire-iren waɗannan manhajoji daga wurin jama'a suke tattara sunaye: wani ya ba su izinin leƙa jerin sunayen da ke wayarsa, wani kuma ya rubuta musu sunan mai lamba da hannunsa. Wato ba kai ke ba da kanka ba, wani ne ke ba da kai. A 2019 hukumar NITDA ta bayyana cewa tana binciken Truecaller kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

Mun gwada abin a ɗakin kwananmu da wata manhaja da ba za mu kama sunanta ba. Ɗayanmu ya buga lambar mahaifiyarsa, tsohuwar da ba ta taɓa shiga intanet ba, wayarta ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Sai ga sunanta na yanka ya fito, sunan da shi kansa bai taɓa furtawa ba saboda kunya, har da sunan ƙauyen. Ɗakin ya yi tsit. Wa ya miƙa ta? Lalle wani ne na kusa, mai babbar waya, mai boko. Wato irinmu.

Kada a ce suna ne kawai. Tun 2011 ake rajistar layi da hoto da zanen yatsu, a ƙarshen 2020 kuma aka ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, ga asusun banki ma yana rataye da shi. Ɗan damfara da ya kira dattijo ya ambaci sunansa da garinsa, ya ce daga banki yake, ya riga ya ci rabin hanya, saura kawai ya ce a karanto masa lambobin da suka shigo. Matar aure da baƙon namiji ya kira da sunanta da dare, ku kanku kun san irin zargin da zai biyo baya, alhali kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ga kuma masu ba da rance ta waya. A 2021 NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10, saboda aika wa mutanen da ke cikin wayar masu bashi saƙonni. Ka ci bashi a Kano, a kunyata kawunka a Ajingi.

Ba mu ce abin ba shi da amfani ba. Yana tona asirin 'yan damfara, kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Gaya so yake kowa ya san lambarsa. Amma shi ya zaɓa, tsohuwar nan kuwa ba a tambaye ta ba.

Doka fa? Akwai ta. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da maganar tarho, kuma a watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba mutum ikon neman a share bayanansa. Sai dai da Turanci aka rubuta ta, hedkwatar hukumarta kuma tana Abuja. Yaya wadda ba ta san an ɗauki sunanta ba za ta kai ƙara?

Saboda haka aikin ya dawo kanmu. In manhajar rance ko ta wasa ta nemi izinin ganin jerin sunaye, a hana ta. In wani ya ce a ba shi lambar wance, a ce sai an tambaye ta. Truecaller kuma tana da shafin da ake cire lamba, amma iyayenmu ba za su iya ba, tilas mu yi musu in mun koma hutu. Bayan an tashi za mu tsaya nan bakin ƙofa, duk mai son ganin yadda ake yi ya zo da lambobin gidansu.