Kafin ka buɗe wa mutum gurbi a fom, tambayi rumbun bayanai tukuna

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara.

Na taɓa haɗa wa wani mai shagon kayan masarufi 'yar manhajar lissafi a kan PostgreSQL. Yaron shagon ya zauna ya gyara layi kusan ashirin, har da gurbin jimilla, ya danna adanawa. Sai manhaja ta ƙi, komai ya goge. Laifin wa? Nawa ne. Jimillar nan rumbun ne da kansa yake lissafa ta, farashi sau adadi, amma ni na bar gurbin a buɗe kamar ana iya rubutu a ciki.

To ta yaya manhajarka za ta gane tun kafin a kai ga haka? Tambaya uku za ta yi.

Ta farko: gurbin yana karɓar gyara? Ka leƙa information_schema.columns, ka duba is_updatable. Amma fa a kula, a tebur na asali kullum YES zai ce maka. Amfaninsa yana fitowa ne a kan view, wato teburin da aka haɗo daga tambaya, inda wasu guraben ba sa gyaruwa.

Ta biyu: rumbun ne yake cika shi da kansa? A nan aka kama ni. A wuri ɗaya dai, duba is_generated. In ka ga ALWAYS, to cire hannunka. Irin wannan gurbin ya shigo ne a PostgreSQL 12, a 2019. Haka ma lambar layi: in identity_generation ya nuna ALWAYS, ba za ka sa mata lambar da ka ga dama ba.

Ta uku: shi wanda ya shiga ɗin, yana da izini? Gurbi zai iya gyaruwa amma ba a hannun kowa ba. Kira has_column_privilege, ka ba shi sunan tebur, sunan gurbi, da kalmar UPDATE. Amsa ɗaya ce, e ko a'a.

Ko duka ukun sun ba ka hanya, kada ka saki jiki. Trigger zai iya tare gyaran, haka ma dokar tsaron layi-layi. Saboda haka manhajarka ta iya kama kuskure, ta faɗa wa mutum abin da ya faru da harshen da zai gane, kuma ta bar masa abin da ya rubuta a kan allo. In gwaji kake so, fara da BEGIN, yi gyaran, ka rufe da ROLLBACK, babu abin da zai zauna.

Gurbin da ba ya gyaruwa, ka dusashe shi a fom tun farko. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ke aiki da MySQL, ya faɗa mana yadda yake yi.