Idan Ƙoƙon Gwiwa Yana Gocewa, Wace Ɗamara Za A Saya?

Uwargida, in kina bakin murhu ki ɗan ja itace baya, ki matso kusa da akwatin rediyo, don maganar yau ta shafi ƙafar da kike tsaye a kanta.

Saƙo ne ya zo mana daga wata baiwar Allah, ta ce a sakaya sunanta. 'Yarta mai shekara 15 ta ɗebo ruwa a rijiya, ta juyo da bokiti, ƙafa tana kafe a ƙasa jiki ya murɗa, sai ta ji ƙas, ta zube. Da aka duba, ƙoƙon gwiwarta ya koma gefe. Ana miƙar da ƙafar ya faɗa wurinsa da kansa. Maigida ya sayo mata safar gwiwa a kemis, ta yi wata 2 tana sawa, ran nan tana tashi daga tsuguno ya sake gocewa. Yanzu yarinya tana tsoron ko zuwa Islamiyya. Kakarta kuma ta ce a yi shiru, kada gari ya ji a ce tana da nakasa, ta rasa manemi. Tambayar uwar ita ce: wace irin ɗamara ya kamata a saya?

'Yar uwa, sannu, Allah ya ba ta lafiya. Ni dai ba likita ba ce, abin da zan faɗa daga bayanan likitocin ƙashi na tattaro shi. Amma kafin mu je ga ɗamara, bari mu fahimci abin da ke faruwa a cikin gwiwar.

Ki ɗora hannunki a gwiwarki yanzu. Wannan ɗan ƙashin mai kama da ƙaramin faifai shi ne ƙoƙon gwiwa. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwarmi, a ciki ƙoƙon yake zamewa sama da ƙasa duk lokacin da kika lanƙwasa ƙafa ko kika miƙe ta. Masu keken ɗinki na ƙafa, kun san yadda igiyar keke take zaune a cikin kwarmin ƙarfen nan mai juyawa? In aka ja ta gefe, ko kwarmin ba shi da zurfi, sai ta fice. To haka ƙoƙon gwiwa yake. Kuma kusan kullum ta waje yake ficewa, wato ɓangaren ɗan ƙaramin yatsan ƙafa. Ku riƙe wannan, don a kansa zaɓen ɗamara yake.

Abin ya fi samun 'yan mata masu tasowa da mata matasa. Wata an haife ta ne kwarmin nata ba zurfi. Wata ƙoƙon ya ɗan hau sama fiye da wurinsa. Wata gwame ne da ita, wata jijiyoyinta ne masu saki, wata kuma naman cinya da na ƙugu ne ba ƙarfi. Shi ya sa wani lokaci za ki ga abin a gida ɗaya, uwa da 'ya. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ginin gaɓa ne. Sannan a gocewar farko, yawanci jijiyar da ke riƙe ƙoƙon ta ciki tana yagewa ko ta saki. Dalilin da ya sa in ya goce sau ɗaya yakan so ya maimaita ke nan, musamman ga yara.

Saboda haka shawarar farko, kafin a kashe ko kwabo a kemis, a kai ta asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Ko da ƙoƙon ya koma da kansa, garin fita da komawa yakan ɓalle ɗan guntun ƙashi ko guringuntsi ya faɗa cikin gwiwa, kuma wannan babu ɗamarar da za ta gyara shi. Mutanen Kano da kewaye, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na Zariya ga Shika. Sauran garuruwa a fara da babban asibiti mafi kusa, a nemi likitan ƙashi da sashen gashin ƙashi. Alhaji, maigida, mun san kana jinmu ta bayan labule, a daure a ba da izini, in da hali ma a raka.

To yanzu ga ɗamarun. Duk sunansu ɗaya a bakin mai kanti, amma aikinsu daban.

Ta farko, doguwar nan mai sandunan ƙarfe, wadda ke kama ƙafa daga cinya zuwa ƙwauri ta hana ta lanƙwasa. Wannan ta sabon rauni ce, likita ne ke sa ta, shi ne kuma zai faɗi ranar cirewa. Ba a daɗewa da ita. In aka zarce da ita gwiwa ta sandare, cinya ta rame, a koma gidan jiya.

Ta biyu, safar roba zalla, wadda ba rami ba komai. Ina kyautata zaton irinta aka sayo wa 'yar wannan baiwar Allah. Tana ɗumama gwiwa, tana ɗan rage kumburi, mai ita takan ji kamar an riƙe ta. Amma ba ta da abin da zai tare ƙoƙo in ya tashi ficewa. Iyayenmu masu ciwon sanyin gwiwa sukan ji daɗinta, sai dai nasu ciwon daban, wannan daban.

Ta uku, safa mai rami a gaba, an kewaye ramin da wani ɗan gammo mai taushi. Ƙoƙon yana zama a cikin ramin. Wannan ta fi ta baya, takan yi wa wadda ƙoƙonta ke ɗan rawa yana ciwo, amma bai taɓa ficewa gaba ɗaya ba.

Ta huɗu ita ce aka ƙera musamman don wannan larura. Tana da wani tudu mai ɗan tauri, lanƙwasasshe kamar jinjirin wata, wanda ke zama a gefen ƙoƙo ta waje. Tana kuma da maɗauri da ake jawowa daga waje zuwa ciki a manne. Tudun yana tokare ƙoƙon, maɗaurin yana jan sa zuwa hanyarsa. Ga wadda ƙoƙonta ya taɓa gocewa, yawanci irin wannan likita ke rubutawa idan an fara takawa. Amma a kula, da yawa daga cikinsu akwai ta dama akwai ta hagu. In aka sa ta hagu a ƙafar dama, tudun ya koma ciki, kin ga maimakon ta tare sai ta riƙa tura ƙoƙon inda ake gudu.

Ta biyar, mai ƙarafa a gefe da gefe masu lanƙwasawa kamar hinjin ƙofa. Ita ta wadda aka yi wa aiki ce, ko wadda wasu jijiyoyin gwiwar ma suka taɓu. Ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma tsada ba ita ce dacewa ba. Sai likita ya ce. Akwai kuma wani ɗan siririn maɗauri da ake ɗaurawa a ƙarƙashin ƙoƙo. Shi na ciwon jijiyar ƙasan ƙoƙo ne, ba ya hana gocewa, kada a ruɗe ku da arahar sa.

Yanzu ga inda akasari ake yin kuskure. Mu da muke cikin gida, ba mu ne ke zuwa kanti ba. Maigida ne, ko ɗan aike. A ce masa, sayo abin gwiwa, shi kuma ya karɓo abin da aka miƙo masa. To ki ɗauko tef ɗin awon ɗinki, in ba ki da shi ki aro wurin maƙwabciya mai keke. Mai ciwon ta miƙe tsaye. Ki nemo tsakiyar ƙoƙo, ki auna inci 6 zuwa sama, wato kimanin santimita 15, ki zagaya cinya a nan ki rubuta. Ki zagaya gwiwar kanta ki rubuta. Ki sauko inci 6 ƙasa, ki zagaya sha-raɓa ki rubuta. A kan fata ake awon, ba a kan zane ko wando ba, kuma kada a matse tef. Sai ki sa a takarda: ƙafar dama ko hagu, awo uku ɗin nan, da irin ɗamarar da likita ya ce. A jikin kwali akwai jadawalin awo, kuma kowane kamfani da nasa, babbar wani ita ce matsakaiciyar wani. A kuma yi magana da mai kanti tun kafin a biya, in ba ta yi ba za a dawo a canza. In akwai waya mai hoto, ya ɗauko hoton kwalin ya turo miki kafin ya ba da kuɗi.

Mai ƙibar cinya, ki zaɓi wadda ake buɗewa a naɗa a manne, ta fi wadda ake zurawa ta ƙafa, don ita mai zurawa takan nannaɗe ta zame. Sannan a duba yadin. Mai kaurin roba tana riƙe zufa, a zafin bazara sai ƙuraje da ƙaiƙayi. Mai saƙa mai ƙananan huji ta fi shan iska, wadda ke da buɗaɗɗen wuri a bayan gwiwa kuma ta fi daɗin lanƙwasawa.

In an kawo, a zauna a miƙe ƙafa a sa ta, ƙoƙo a tsakiyar rami, tudu ta waje. Ki gwada zura yatsu 2 a ƙarƙashin maɗauri. In sun ƙi shiga ta matse da yawa, in suna yawo ta yi sako-sako. A taka a tsakar gida na ɗan lokaci. In ƙafa ta yi sanyi, ko ta mutu, ko yatsu suka canza launi, ko ƙasan ɗamara ya kumbura, a cire nan take. In kuwa sha-raɓa ta kumbura tana zafi da ciwo, wannan a tafi asibiti ranar, don yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya. Mai ciwon suga, da mai juna biyu da ƙafa ke kumbura, da mai jijiyoyin ƙafa da suka fito ruɗu-ruɗu, su tambayi likita kafin su sa komai mai matsewa.

Ana sa ta ne lokacin aiki da tafiya. Ba a kwana da ita sai in likita ya ce. Kada a shafa man zafi a rufe da ita, yana ƙona fata. A wanke ta da hannu da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, don rana tana kashe roba. Batun alwala kuwa, ai gwiwa ba ta cikin gaɓoɓin alwala, ɗamara ba ta hana komai, wajen wanka ne za a cire. Wadda ruku'u da sujada da zaman tahiyya suka gagara saboda rauni, malamai sun yi bayani, addini ya yi sauƙi, ta yi sallarta a zaune har ta samu sauƙi.

Amma 'yan uwa, ga gaskiyar da mai kanti ba zai faɗa muku ba. Majanyi yana taimaka wa goyo, amma bayan uwa ne ke ɗauke da yaro. Ɗamara majanyi ce. Abin da ke riƙe ƙoƙo na dindindin shi ne naman cinya da na ƙugu, kuma a kan tabarmarki za ki ƙarfafa su. Ki zauna ki miƙe ƙafa, ki naɗe ɗan tawul ki sa a ƙarƙashin gwiwa, ki danna shi ƙasa har cinya ta yi tauri, ki ƙirga 5 ki saki, sau 10. Ki kwanta rigingine, lafiyayyar ƙafar a lanƙwashe, ki ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ki sauke a hankali, sau 10. Ki kwanta a kan gefen lafiya ki ɗaga ta sama, shi ma sau 10. Safe da yamma. Wadda rauninta sabo ne ta bari masu gashin ƙashi su nuna mata lokacin farawa. Abin na son haƙuri, makonni ne har watanni, ba kwana uku ba.

A kuma rage tsuguno. Masana sun ce a tsuguno sosai, nauyin da ke danne ƙoƙon gwiwa yakan kai wajen ninki 7 na nauyin jiki. Ki yi wanki da wanke-wanke a kan kujera mai ɗan tsawo, a ɗaura wa tsintsiya sanda, a sa abin dafawa a banɗaki. In za a juya da kaya, a ɗaga ƙafa a juya gaba ɗaya, kada a kafe ta a murɗa jiki.

In ya goce a gabanki, kada a ja, kada a danna da ƙarfi. A kwantar da ita, a tallafe ƙafar, in tana iya miƙe ta a hankali sau da yawa yakan koma. In ya ƙi, a bar shi yadda yake a tafi asibiti. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafa a kan filo. Kwana 2 zuwa 3 na farko ban da gashi da ruwan zafi, yana ƙara kumburi. Masu ɗori muna girmama su, amma ɗauri mai tsanani da karare yana iya tsare jini, kuma hannu ba ya ganin guntun ƙashin da hoto ke gani.

Ke kuma 'yar uwa mai saƙo, 'yarki sau biyu ke nan. Wannan ya wuce canjin ɗamara kawai, likitan ƙashi ya kamata ya gan ta, don duk gocewa tana ƙara cinye guringuntsi, abin da kan jawo ciwon gwiwa tun da ƙuruciya. In motsa jiki da ɗamara ba su tsayar da shi ba, akwai aikin da ake yi a gyara jijiyar. Ki gaishe mana da Hajiya kaka, ki lallashe ta. Ki ce mata ɗamara tana ɓuya a ƙarƙashin zane, amma ɗingishin da shiru zai jawo nan da shekara 10 ba zanen da zai rufe shi. Mai ɓoye ciwo, ciwo ne ke tona shi.

Lokaci ya ƙwace mana. Mai tambaya ta aiko, ko ta ba yaro ya kawo, za mu karanta ba tare da ambaton suna ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya. Wassalamu alaikum.