Gyara ko Rushewa: Abin da Ya Faru a Unguwar Bethnal Green

Yau zan ba ku labarin wata unguwar talakawa a gabashin birnin Landan, sunanta Bethnal Green.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, bama-bamai sun riga sun rushe gidaje da yawa a unguwar. Waɗanda suka tsira tsofaffi ne tun na ƙarni na 19. Rufi yana yoyo, bango yana jiƙe, bayan gida yana waje, yawancinsu babu wurin wanka. Doka ta hana ƙarin kuɗin haya, saboda haka masu gidajen suka yi watsi da gyara.

A 1954 gwamnatin Birtaniya ta kafa doka da ta lissafta abubuwa 8 da za a duba kafin a ce gida bai dace da zaman mutum ba: gyara, ƙarfin gini, danshi, hasken rana, shigar iska, ruwan sha, magudanar ruwa da bayan gida, sai wurin ajiye abinci da dafa shi. Likitan ƙaramar hukuma ne yake kai rahoto. In gida zai gyaru da kuɗi daidai gwargwado, a tilasta wa mai shi ya gyara. In layi duka ya lalace, hukuma ta saya ta rushe.

Aka kwashe iyalai da yawa zuwa sababbin gidaje a Debden, cikin yankin Essex. Gidajen suna da ruwan famfo, da wurin wanka, da ɗan lambu. Amma wasu masana biyu, Michael Young da Peter Willmott, suka bi su suka yi musu tambayoyi, suka buga littafi a 1957. Sun tarar cewa a Bethnal Green fiye da rabin matan aure da iyayensu mata ke raye sun ga uwar a ranar da ta gabata. Uwa ce ke taimakawa da reno, ita ce ke roƙon mai karɓar haya ya ba 'yarta ɗaki kusa. A sabon wuri kuwa, mace tana wuni ita kaɗai, tsohuwa kuma an bar ta a baya.

Sannu a hankali hukuma ta canza tunani. Dokar 1969 ta ƙara tallafin gyaran tsofaffin gidaje, domin mutane su zauna inda suke.

'Yan'uwa, ba a ce a bar yara cikin danshi ba, don wasu gidajen sun cancanci rushewa. Amma gidan da aka gyara da wuri ba ya kaiwa ga haka. Mai shirin taimakon mutane kuma ya tambaye su tukuna: wa za ku bari a baya? Gina bango aikin watanni ne, amma zumunci sai da shekaru.