Kunnen Yaro da Hirar Gida

Sarakunanmu, malamai, ma'aikatan lafiya, da ku iyayenmu mata na Ollelewa da kuka ajiye daka kuka zo, ina gaishe ku.

A nan Damargu, in yaro ya shekara biyu bai ce "inna" ba, sai mu ce nauyin baki ne, ai kawunsa ma haka ya yi. Wannan jiran ne na zo roƙon mu rage. Sau da yawa bakin lafiya lau yake, kunnen ne ba ya ji.

Can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi a nannaɗe kamar katantanwa, shi ke mai da ƙara saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. In ya lalace, likitoci kan yi aiki su zura siririyar waya a cikinsa, a maƙala sauran na'urar a bayan kunne tana kama sauti tana taɓa jijiyar da ɗan lantarki. Graeme Clark ya dasa irinta a Ostareliya a 1978. Amurka ta yarda a dasa wa ɗan shekara biyu a 1990, a 2020 kuma har jaririn wata tara.

Me ya sa ake ta gaggawa? A 2010 Dakta John Niparko da abokan aikinsa sun fitar da binciken yara 188 da aka yi wa dashen a cibiyoyi shida na Amurka, aka bi su shekara uku. Waɗanda aka yi wa kafin wata 18 sun fi saurin gane magana da furta ta. Amma ga abin da ya fi taɓa ni: yaran da iyayensu suka fi yi musu hira da wasa, su ma sun fi ci gaba. Ranar da aka kunna na'urar, yaro hayaniya kawai yake ji. Uwar da ke ce masa "ga fura, sha", tana maimaitawa safe da yamma, ita ke mai da hayaniyar nan Hausa. Wannan aikin shekaru ne.

Mu kuma muna cikin ƙasar sanƙarau. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ya karya lagon nau'i ɗaya na ciwon, sauran suna nan. Yaro kan tashi daga ciwon ya bar jinsa a can, kuma katantanwar takan cike da ƙashi cikin ƴan watanni, har wayar ta rasa hanyar shiga.

Na san dashen nan tsada gare shi, ga batir, ga zirga-zirgar saita na'ura. Ko za a samu ko ba za a samu ba, kada yaro ya zauna babu harshe. Maganar hannu ta kuramen Hausawa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, harshe ne cikakke, kuma ba ta hana yaro koyon ta baki. Duk gidan a koye ta, har yayye.

Ungozoma da ma'aikatan lafiya, ga roƙona gare ku. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau, ku tsaya bayansa inda ba ya ganinku, ku kira sunansa, ku buga kwano. In bai waiwayo ba, a rubuta masa takardar babban asibitin Damagaram a cikin makon, kada a ce sai an cire amfanin gona.