Gajimaren Bakin Teku Ba Irin Na Gida Ba Ne

Yau hirar tamu da ku ce, ku da aure ko fatauci ya kai Legas ko Ankara ta ƙasar Gana, matan Agege da Idi-Araba da Nima. Kun tashi kun san hadarin gida, to amma sararin samaniyar bakin teku da nasa halin.

A arewa watan Agusta marka ce. A can kuwa, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwa ɗaukewa yake yi. Gari ya yi lumshi, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa, toka-toka, ki ce yanzu za a kece, amma sai ɗan yayyafi. Dalili kuwa, a lokacin damina ta hau arewa, kuma ruwan sanyi na ƙarƙashin teku ya taso sama ya sanyaya iska. Iska mai sanyi ba ta tashi sama balle ta haɗa hadari. Wannan na cikin abin da ya sa ruwan da Ankara ke samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba, alhali garin Axim da ke yamma da ita yana samun wajen 2,000. Ruwan sanyin nan kuma shi ke janyo ƙananan kifaye kusa da gaɓa, kifi ya wadata a kasuwa.

Wanda za ki kula da shi, uwargida, shi ne hadarin gabas, musamman daga Maris zuwa Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba. In kika ga gabas ta yi baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, sannan iska mai sanyi ta taso farat ɗaya, to kwashe shanya, ki kira yara ciki. Ba ya ba da lokaci.

Sai watan Yuni, tsakiyar daminarsu. Nan ki haɗa da duban wata. Teku ta fi cika a tsayuwar wata da daren sha huɗu. In ruwa mai ƙarfi ya zo daidai da cikar teku, lambatu ba ya samun inda zai zubar, sai ruwan ya dawo cikin unguwa. Ba mu manta da 3 ga Yuni, 2015 ba, ranar da ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka wajen 150 a Ankara.

Saboda haka ki riƙa sauraron hasashen hukumar NiMet, ko takwararta ta Gana. Takardun makarantar yara da hatsi a ɗora su sama. A daina zuba shara a lambatu. Ranar da aka yi gargaɗi kuwa, kada yaro ya fita talla ko aike, don ruwa iya gwiwa in yana gudu yana ɗauke babba ma.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.