Shugaba da Shimfiɗar Fuska



Mu da muke zaune a wannan ɗaki, nan da 'yan shekaru kaɗan da yawa daga cikinmu za mu tarar an ɗora mu a kan mutane, wani hedimasta, wani shugaban sashe a ma'aikata, wani kuwa mai kula da asibiti. To, akwai wani ra'ayi da muka gada, watau wai ba a ganin ƙwarjinin shugaba sai ya ɗaure fuska, akawu da masinja su riƙa sanɗa idan za su wuce ƙofar ofishinsa. Abin da muke so mu nuna shi ne, wannan ra'ayi yana cutar shugaban kansa tun kafin ya cuci na ƙasa da shi.

Hausawa sun ce babba juji ne. Kowace matsala ta ofis a teburinsa take ƙarewa, ga tsawa daga sama, ga ƙorafi daga ƙasa, ga fayil tuli guda yana jiran sa hannu. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin mugunyar gajiyar da wahalar aiki mai tsawo take haifarwa, ta kuma ba ta alamu 3: ƙarewar kuzari, da fitar aikin daga ran mutum har ya riƙa yi masa kallon banza, da raguwar ƙwazo. Wanda ya kai wannan matsayi, ko da digiri nawa gare shi, ofis ya riga ya yi hasararsa.

Maganar yadda za a tsare zuciya daga wannan hali ta sami gindin zama a 1998, sa'ad da Martin Seligman ya shugabanci ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Ya yi kira ga abokan aikinsa cewa sun daɗe suna nazarin tsoro da baƙin ciki da taɓin hankali, ya kamata su juyo ga abin da ke sa mutum ya yi walwala, ya ci gaba. Daga nan aka sami reshen da za mu iya kira ilmin walwalar zuciya.

A wannan shekarar ce kuma Barbara Fredrickson ta kawo bayanin amfanin farin ciki. A ganinta, tsoro da fushi suna ƙuntata tunani, su tsare mutum a kan abu ɗaya, gudu ko faɗa. Murna da natsuwa da sha'awar sani kuwa suna buɗe tunani, mutum ya hangi hanyoyi da yawa, ya kuma tara abokai da dabarun da zai jingina da su ranar wuya. Ita da Robert Levenson sun gwada mutane, suka tarar wanda aka tsorata, bugun zuciyarsa ya fi saurin komawa daidai idan ya kalli abin da ke faranta rai. Ashe ke nan shugaban da ya wuni a fusace ya rufe wa kansa ƙofar shawara mai kyau, ya kuma bar jikinsa cikin wahala.

Bugu da ƙari, halin zuciya yana yaɗuwa. A 2002 Sigal Barsade ta buga sakamakon wani gwaji inda aka haɗa ɗalibai ƙungiya ƙungiya don su yi shawarar rabon kuɗin lada, aka saka ɗan wasan kwaikwayo a cikinsu ba su sani ba. Inda ya nuna fara'a an fi samun haɗin kai, gardama ta ragu. In haka ta faru da wanda ba shi da muƙami, ina ga wanda kowa yake duban fuskarsa da safe don ya san yadda wuni zai kasance?

To, yaya ake renon wannan hali? Masana sun gwada wata hanya mai sauƙi. A 2005 Seligman da abokan aikinsa sun sa mutane su riƙa rubuta abubuwa 3 da suka tafi daidai kowace rana, tare da dalilinsu, har mako guda. Bayan wata 6 an tarar suna nan da ƙarin farin ciki da raguwar damuwa. Shugaba yana iya yin haka kafin ya kulle ofis. Yana kuma iya gode wa ma'aikacinsa ta hanyar ambaton ainihin abin da ya yi, alal misali ya ce, “Malam, lissafin jiya ya fita tsaf, ka hutar da mu.” Haka nan ya kamata ya riƙe aboki ɗaya ko biyu waɗanda yake zama da su a matsayin mutum kawai, ya ajiye muƙami a ƙofa.

Amma kada mu wuce gona da iri. An taɓa yayata cewa wai akwai ma'auni tabbatacce, kusan farin ciki 3 a kan ɓacin rai 1, wanda sai an kai shi za a bunƙasa. A 2013 Nick Brown da Alan Sokal da Harris Friedman suka nuna lissafin da aka gina wannan magana a kansa ba shi da tushe. Sa'an nan murmushin dole ba ya biyan albashin da aka riƙe, ba ya kuma gyara zalunci wajen ƙarin girma. Shugaban da ya ce wa mai jin yunwa ya saki ransa, alhali yana da ikon share masa hawaye, ya ɓata wannan ilmi. Akwai ranar da takardar tuhuma ta zama dole, sai a ba da ita ba tare da cin mutunci ba.

'Yan'uwa, kakanninmu sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ba sai mun jira takardar naɗi ba, a ɗakin kwana da ƙungiyoyinmu na ɗalibai za mu fara koyon wannan hali, domin wanda bai iya shi yana ƙarami ba, da wuya ya koye shi bayan kujera ta yi nauyi.